Gandun da ke ɗauke da sunan baƙon da bai taɓa sauka ba

 A wannan karon za mu yi nisa da gida, mu tafi ƙasar Niyu Zilan, can arewacin tsibirinta na kudu, inda wani gandun daji na ƙasa yake kwance a bakin teku. Sunansa gandun Abel Tasman. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikin gandayen ƙasar, don faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 240 ba, amma hanyar ƙafa da ta bi gaɓarsa, mai tsawon kilomita 60, tana cikin waɗanda aka fi takawa. Mai son gama ta duka sai ya yi kwana uku zuwa biyar. Mu yini guda muka samu, rabi a kwale-kwale rabi a ƙafa, kuma da tambaya muka dawo: ta yaya wuri ya ɗauki sunan mutumin da bai taɓa ɗora ƙafarsa a kansa ba? Hausawa sun ce suna linzami ne. To bari mu bi sunayen wannan gaɓa ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda za su ja mu.

Daga ƙauyen Marahau muka tashi da sassafe, a watan Disamba, farkon lokacin zafinsu. A nan teku yakan cika ya janye sau biyu a rana, kuma idan ya janye sai ya bar fili na yashi da laka mai nisan gaske. Saboda haka a kan tudu ake shiga kwale-kwale, yana ɗore a kan tirela. Kowa ya zauna ya ɗaura rigar hana nutsewa, sannan tarakta ta ja mu, ta bi titi, ta ratsa yashin har cikin ruwa. Wurin da matuƙinmu ya fara kai mu wani dunƙulallen dutse ne a cikin teku, wanda ya tsage gida biyu kamar an raba goro. Turawa suna ce masa Split Apple Rock, wato dutsen tuffa da aka raba. Mutanen Mawori, waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar, suna ce masa Tokangawhā, dutsen da ya fashe. Tun daga nan muka lura kusan kowane wuri a gaɓar sunaye biyu gare shi, kuma ɗaya ya daɗe yana danne ɗaya.

Mu fara da babban sunan. A ranar 14 ga Agusta 1642, Kamfanin Holan na Gabashin Indiya ya tura Abel Janszoon Tasman daga Batabiya, wato Jakarta ta yau, da jirage biyu, Heemskerck da Zeehaen, da mutane kimanin 110. Gwamna-janar Anthony van Diemen ne ya aike shi neman wata babbar ƙasa da ake zaton tana kudu, da kuma hanyar kasuwanci. A watan Nuwamba ya hangi tsibirin da ake kira Tasmaniya a yau. Ranar 13 ga Disamba ya hangi duwatsun Niyu Zilan, ya bi gaɓa ya yi arewa, ranar 18 ga wata jiragen suka jefa anga a wani babban lungun teku da Mawori ke kira Mohua, daura da ƙarshen arewa na gandun yanzu. Da almuru kwale-kwale biyu suka fito daga gaɓa. Mutanen ciki suka yi kira da babbar murya, suka busa ƙaho. 'Yan Holan ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma suka sa nasu mai busa ya mayar, suna ganin gaisuwa ce ake yi.

Washegari, 19 ga Disamba, wani ƙaramin kwale-kwale na Zeehaen ɗauke da mutum bakwai ya kai saƙo ɗaya jirgin. A hanyarsa ta komowa wani kwale-kwalen Mawori ya taso da gudu ya banke shi. Mutum uku suka mutu nan take, na huɗu ya cika daga baya, uku suka tsira da ninƙaya. Mawori suka tafi da gawa ɗaya. Tasman ya ba da umarni a cire anga. Da kwale-kwale 11 suka biyo su, sai aka buɗe musu wuta, aka sami wani mutum da ke tsaye a na gaba, ya faɗi. Tasman ya sa wa wurin suna Lungun Masu Kisa, ya yi gaba. Ya bi gaɓar tsibirin arewa, ya wuce Tonga da Fiji, ya koma Batabiya a Yunin 1643. Bai sauka a ko'ina cikin Niyu Zilan ba. Babu wani Bature da aka san ya sake zuwa ƙasar sai Kyaftin James Cook a 1769, bayan shekara 127.

A nan ne ya kamata marubuci ya dakata. Duk abin da muka faɗa a sama daga bakin ɓangare ɗaya ya fito: kundin tafiyar Tasman, da bayanan abokan tafiyarsa, da zanen da Isaac Gilsemans ya yi na kwale-kwalen da mutanen ciki. Mutanen da ke gaɓa a ranar 'yan ƙabilar Ngāti Tūmatakōkiri ne, waɗanda suka riƙe wannan yanki kimanin shekara 200. A farkon ƙarni na 19 maƙwabtansu suka ci su da yaƙi, suka watse, waɗanda suka rage suka narke cikin wasu ƙabilu ta hanyar aure da bauta. Daga wajen 1828 kuma wasu ƙabilu suka gangaro daga tsibirin arewa da bindigogi, Ngāti Rārua da Ngāti Tama da Te Ātiawa, suka zauna a gaɓar. Al'ummar da tarihinta ke tafiya a baki, idan aka tarwatsa masu riƙe da shi, labarin yakan bi su. Shi ya sa muke da ranar da abin ya faru da adadin mamatan Holan, amma sunan mutumin da aka harbe a kan kwale-kwalensa bai iso ga kowa ba.

Masana sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, ba tare da sun ƙirƙiro magana sun sa a bakin kowa ba. Wasu sun duba al'adar Mawori, suka nuna cewa kira da busa ƙaho ga baƙon da ba a sani ba tambaya ce da gargaɗi, kuma mayar da busa na iya nufin an karɓi ƙalubalen faɗa. Wani masanin tonon kayan tarihi na Jami'ar Otago, Ian Barber, ya nuna cewa gaɓar da jiragen suka tsaya daura da ita wurin noma ne mai muhimmanci, inda ake shuka kūmara, wato dankali irin namu na Hausa, kuma Disamba lokaci ne da amfanin ke tsakiyar girma. Manyan jirage biyu da ba a taɓa ganin irinsu ba sun tsaya a bakin gonar da gari ya dogara da ita. Wanda ya taɓa tsaron gona dab da kaka zai gane abin da ke ran masu ita. Da ɗan gari a kan ci gari, Tasman kuwa ba shi da tafinta, ba shi da ɗan jagora. Duk da haka sunan da ya sa wa wurin ya zauna a taswirori, Turawan baya suka mai da shi Lungun Kisan Gilla, har sai da aka sami zinariya a yankin a shekarun 1850 sannan ya koma Golden Bay, lungun zinariya.

Mu koma cikin kwale-kwalenmu. Daga tsagaggen dutsen muka miƙa arewa, muka shiga wani mashigi mai kwanciyar ruwa tsakanin gaɓa da wani tsibiri. Matuƙin ya kashe inji don mu ji kukan tsuntsaye daga tsibirin, wanda aka raba shi da ɓeraye da sauran dabbobi masu cin ƙwai. A wannan mashigin ne Bafaranshe Dumont d'Urville ya tsaya da jirginsa Astrolabe a Janairun 1827. Shi ya sauka, ya ɗebi ruwan sha, ya yi ciniki da mutanen wurin lami lafiya, ya auna gaɓar, sannan ya rarraba sunaye kamar mai rabon goron biki. Mashigin ya ɗauki sunan jirginsa. Tsibirin, wanda Mawori ke kira Motuareronui, ya zama Adele, sunan matarsa. Inda suka ɗebi ruwa ya zama Watering Cove, inda suka kafa kayan duban taurari ya zama Observation Beach. Kwanaki kaɗan ya yi a nan, amma sunayensa sun kusa shekara 200 a bakin mutane.

Muka wuce tsibirin Tonga, wanda bai haɗa komai da ƙasar Tonga ba sai suna. Tun 1993 aka hana kamun kifi a ruwan da ke kewaye da shi, kuma a kan duwatsunsa muka ga kekeno, wasu dabbobin teku masu laushin gashi, kwance suna shan rana. Bayan nan aka sauke mu a Awaroa. Wurin da Tasman ya gamu da Mawori yana can gaba, bayan wani tsinin ƙasa, kuma kwale-kwalen haya ba sa kaiwa can. Galibin masu yini ɗaya irinmu sukan koma gida ba su ga inda abin ya faru ba. A Awaroa akwai wani faffaɗan bakin kogi da mai son yin arewa dole ya ratsa da ƙafa, kuma ba ya ratsuwa sai daga sa'a ɗaya da rabi kafin ruwa ya gama janyewa zuwa sa'a biyu bayansa. Wanda ya makara sai ya jira teku. Mu kudu muka nufa, tafiyar kimanin kilomita 13 zuwa inda za a ɗauke mu.

Yashin Awaroa yana da nasa labarin. A farkon 2016 aka sa wani yanki nasa a kasuwa, hekta 7 mai bakin ruwa na mita 800, don mallakin wani ne ba na gandun ba. Wasu surukai biyu daga birnin Christchurch suka buɗe asusun karo-karo a intanet don kada wurin ya faɗa hannun wanda zai rufe shi. Mutane kusan 40,000 suka ba da abin da ya haura dalar Niyu Zilan miliyan 2, gwamnati ta cika, aka saya, aka haɗe shi da gandun a shekarar. Labari ne mai daɗi, amma yana jawo wata tambaya: yaushe gaɓar ta zama abin sayarwa tun farko? A 1841 Kamfanin Niyu Zilan, na 'yan kasuwar Ingila, ya zo kafa garin Nelson. An yi alkawarin cewa cikin eka 151,000 da za a ɗauka, za a keɓe wa masu ƙasar kashi ɗaya cikin goma, wato eka 15,100, ban da garuruwansu da gonakinsu da maƙabartunsu. Aka saɓa wannan alkawari. Jikokinsu suka yi ta bin magana har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 2017 cewa gwamnati tana da nauyin amana a wuyanta game da filayen.

Da muka hau tudu daga Awaroa, sai muka lura itatuwan da ke gefen hanya sirara ne, kusan tsayinsu ɗaya. Mai gani daga kwale-kwale zai ɗauka daji ne da hannu bai taɓa shi ba, alhali kuwa toho ne na baya. Daga wajen 1855 Turawa suka fara zama a gaɓar. Suka sare manyan itatuwa suka yi katako, suka ƙera jiragen ruwa a Awaroa, suka cinna wa tuddai wuta don su sami makiyaya. Ƙasar ba ta karɓa ba. Duwatsun yankin giranit ne, idan ya ruɓe yakan ba da wannan yashi mai ruwan zinariya da ke jan baƙi, amma ba ya ba da ƙasar noma mai ƙarfi. Ciyawa ta ƙi, wata ƙaya mai furen rawaya da aka kawo daga Turai ta mamaye fili, manoma suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Itatuwan mānuka da kānuka da muke tafiya a inuwarsu su ne na farko da ke fitowa a ƙasar da aka ƙona. Sai a cikin kwaruruka masu laima muka ga ragowar dajin asali.

A Onetahuti, wani dogon bakin yashi mai siffar jinjirin wata, muka yi azahar muka buɗe guzuri. Nan da nan weka ya bayyana, wani tsuntsu mai launin ƙasa da girman kaza, wanda ba ya tashi kuma ba ya jin kunya. Saura kaɗan ya tafi da burodinmu. Gaba kaɗan muka iso tsohuwar mafasar dutse ta Tonga, inda har yanzu akwai sassaƙaƙƙun duwatsu zube a bakin ruwa. A farkon ƙarni na 20 daga nan aka ɗebi dutsen da aka yi matakalar babban cocin Nelson. Inda tafiyarmu ta ƙare kuma sunansa Bark Bay, lungun ɓawo, saboda a nan ake ɓare ɓawon itatuwa a kai wa majema, su yi jima da shi yadda namu ke yi da bagaruwa. Mawori suna kiran wurin Wairima. Sunayen wannan zamani ba na matan kyaftin ba ne, na abin da ake ɗiba a kai kasuwa ne.

To ina Tasman ya shigo? Ta hannun wata mace. Pérrine Moncrieff haifaffiyar Landan ce, ta zo Nelson da iyalinta a 1921, kuma a 1925 ta wallafa littafin gane tsuntsayen Niyu Zilan wanda aka daɗe ana amfani da shi. A 1936 ta sayi fili a gaɓar don a bar shi daji. Da ta ji ana shirin ci gaba da saran itatuwa da kuma fasa titi ta bakin teku, sai ta shiga rubuta wasiƙu da tara masu goyon baya, tana neman a mai da yankin gandun ƙasa. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ba wanda hankalinsa ke kan tsuntsaye. Amma 1942 tana tafe, shekara 300 cif da zuwan Tasman, ga Holan a hannun sojojin Jamus, ga Sarauniya Wilhelmina tana gudun hijira a Landan, kuma ƙasashen biyu suna ɓangare ɗaya a yaƙin. Moncrieff ta ɗaura buƙatarta a jikin wannan biki. Gandu mai sunan ɗan Holan ya zama karamci ga ƙawa a lokacin wahala, abin da gwamnati ba za ta so ta ƙi ba. A Disamban 1942 aka buɗe shi da hekta kimanin 15,000, wakilin sarauniyar ya halarta, ita kuma aka naɗa ta uwar gandun.

Wannan ne ya sa labarin ya ƙi kwanciya a gefe ɗaya. Sunan da ya rufe na masu ƙasa shi ne kuma ya tsayar da gatari. Ba don shi ba, mai yiwuwa da titin mota muka bi, ba hanyar ƙafa ba. Har yau ana cin moriyarsa: a 2012 aka kafa wani shiri da kuɗin masu taimako, aka sa masa suna Janszoon, sunan tsakiya na Tasman, da nufin farfaɗo da dajin kafin 2042, lokacin da gandun zai cika shekara 100. Akwatunan katako da muka riƙa gani a gefen hanya tarkuna ne na ɓeraye da wata 'yar dabba mai kama da tunku, wadda aka kawo daga Ingila a shekarun 1880 don ta ci zomaye, sai ta koma kan tsuntsaye. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2014, cikin sulhun da gwamnati ta yi da ƙabilu takwas na yankin, aka dawo da sunayen Mawori a hukumance, gefe da gefe da na Turawa. Ta haka Tokangawhā da Motuareronui da Mohua suka koma kan taswira.

Da la'asar kwale-kwale ya zo ya ɗauke mu. Ruwa ya cika, yashin da muka gani da safe ya ɓace, kamar ba wuri ɗaya ba. Muna zaune ƙafafu na zogi, muna ta juya maganar da muke so mu bar wa 'yan uwa masu sha'awar rubuta tarihi. Idan takarda ta zo hannunmu, mu tambayi wanda ya rubuta ta, daga ina yake kallo, kuma wa ke tsaye a ɗaya gefen bai samu ya yi magana ba. Kundin Tasman bai yi ƙarya game da ranaku da adadi ba, amma daga saman jirgi aka rubuta shi, kuma kalmar "masu kisa" hukunci ce, ba bayani ba. Mu ma idan muka buɗe abin da Clapperton ko Barth suka rubuta game da Kano, irin wannan tambayar ce ke jiranmu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma idan mai ita ya riga ya tafi, ba mu da izinin rera masa wadda bai yi ba. Abin da ya rage mana shi ne mu bi sawu: tsofaffin gonaki, ramukan ajiyar dankali, al'adar jikoki, da sunayen wurare, mu faɗi abin da suka nuna, mu tsaya inda suka tsaya.

Aikin wannan mako ga mai so: ya zaɓi suna ɗaya a garinsu, na unguwa ko kasuwa ko rafi ko titi, ya bincika wanda ya sa shi, da shekarar da aka sa shi, da abin da ake kiran wurin kafin nan. Ya tambayi dattawa biyu aƙalla, ya rubuta abin da kowanne ya ce ko da sun saɓa, ya kawo mana mu karanta tare. Allah ya ƙara mana basira, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.